Wayar Lasifikar Tsakiya

Zuwa ga sanyin idona, inuwata da tsakar rana, mai muryar da ta fi saukar ruwan farko a kan rufin kwano daɗi,

Daga teburin shagona nake rubuto miki, hayaƙin dalma na shiga mini ido, haushin jiya kuma bai sake ni ba. Baba ya ce falonku na'urar kiɗa ɗaya zai ɗauka, ki zaɓa kafin Asabar: ko 'yar amfilifayata mai lasifika biyu, ko wancan dodon sinimar gida da ɗan kawunki ya kawo. Ni da ke mun san ba na'ura Baba yake nufi ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Amma don Allah, me idona ya gani jiya a falonku? Lasifika bakwai! Kwalaye har bakin ƙofa, wayoyi sun bi bango kamar yaɗon kabewa, rimot kuwa maɓallansa sun fi haƙoran mai shi yawa. Wai ɗan kawun naki da kansa ya haɗa, mutumin da ko ƙwan fitila sai an canza masa. Ya sa waƙarki, wadda kika yi wata uku kina zarya sutudiyo a kanta. Ganga ta fashe a bayan kujera, kofunan Inna suka kama rawa a kabad. Gogan naki ya lumshe ido yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Kun ji murya ko? Kamar tana cikin ɗakin nan."

Kina cikin ɗakin kam, hasken raina, muryarki ce ba ta ciki. Irin wannan injin ta lasifikar tsakiya yake fitar da murya, ita kuwa wayarta na can tana lilo a bayan kantar falon, ba a soka ta ba. Minti huɗu cur yana yabon muryar da babu ita! Kika dube ni, na dube ki, kika sunkuyar da kai. Wannan kunyar da ya ba ki ita ta fi ƙona mini rai.

Da na so, da na yi shiru na bar shi da shirmensa. Saboda ke na durƙusa na soka wayar. Muryarki ta fito, shi kuwa ya haɗe rai, wai na ɓata masa saiti, gangar ta rage ƙarfi. Kin ji shi da kunnenki.

Injin da aka ƙera don ƙarar jirgi da hatsarin mota a fim, ina shi ina waƙa? Ƙarfinsa ya rabu gida bakwai, ko'ina hayaniya. Tawa aiki ɗaya ta iya, kamar mai ita. Kin tuna ranar da kika kawo waƙar shagona, na share miki kujerar da ke tsakanin lasifikun biyu? Kafin baiti na biyu akwai wani ɗan numfashi da kika ja, siriri, kamar iska ta taɓa labule. Kika dafe baki, kika ce ba ki san ya shiga ba, a goge shi. Na ce sam. Kullum kafin in buɗe shago sai na saurare shi, ya ke raɓar safiyata, kuma har yau bai daina tsinka mini zuciya ba.

Ba ni da mota, ba ni da kwalaye. Idan ƙara kike so, ga ta can har bakwai, ba zan hana ki ba. Sai dai ki tambaye shi abu ɗaya kafin Asabar: a ina kika ja numfashi a waƙar? Waya na gyara masa, kunne kuwa ba a gyara shi a shagona.

Kujerar tana nan inda kika bar ta, na hana kowa zama a kai.

Naki, mai sauraronki har ranar da kunnensa zai daina ji,
Mai gyaran rediyo