Sarin Madam Ya Raba Ni da Ƙanwata

Goggo Iyatu, don Allah ki taimake ni, raina a ɓace yake. Wata biyu ke nan ƙanwata Mero, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta amsa gaisuwata, kuma duk a kan tufa.

Ni mutuniyar Aliero ce. Can baya, tun muna cikin jihar Sakkwato, mun zauna Jega da maigidana, muka yi maƙwabtaka da wani malamin lissafi Ba'indiye da matarsa, Madam Sunanda. Ranar da na fara kai mata albasar gidanmu, matar nan ta shinshina sai ta fashe da kuka, wai su ma albasa ake nomawa a garinsu. Daga nan muka ƙulla. Ita ta koya mini ɗaurin sari, wato zanen matan Indiya, irin na yankinsu: yadi tara cif, a ratsa shi tsakanin ƙafafu a soke ta baya, sauran a yafa a kafaɗa, babu fil ko ɗaya. Ta ce haka mahaifiyarta ke ɗaurawa, ta je gona da shi, ta je biki da shi. Da za su koma ƙasarsu ta bar mini wani kore mai baki ruwan zinari, na adana shi a ƙasan akwati shekara biyar.

To bana aka sa bikin Salima, ɗiyar Mero, za a kai ta Jega. Kin san yayin yanzu, amarya sai ta yi hoto da kayan Indiya. Na ce ranar sarin Madam ta zo. Na shige ɗaki da yarinya na ɗaure ta tsaf. Goggo, da aka zo hawa a-kori-kura, amaryar nan da kanta ta ɗaga ƙafa ta haye, ƙawayenta kuwa sai da aka jawo musu turmi suka taka. Ni daɗi na ji, ko da yake na ga tsofaffi suna kallon juna.

Muna isa sai ga Hajiya Gudiya, babbar yayar ango. Ita ce mai bidiyo da janareta a unguwarsu, ta kalli finafinan Indiya har kaset ya tsinke an liƙe. Ta zagaya Salima sau biyu, ta ce shekararta goma tana kallon Indiyawa, ba ta taɓa ganin wannan ɗauri ba sai a jikin 'yar aiki ko mai tallar kifi. Wai amarya suka nema, aka kawo musu ɗan kokawa. Mata suka sa dariya. A gabana aka kwance ɗaurina, Gudiya ta yi nata na fim da fil goma sha huɗu, na ƙirga, kuma sau biyu yana zamewa kafin mai hoto ya ɗauka.

Na ce mata ni a hannun Ba'indiya mai jini a jika na koya, ita kuwa a jikin gilashin talabijin. Na ƙara da wasu maganganu waɗanda ba sai na rubuta ba.

Yanzu a Jega Amarya Mai Wando suke kiran yarinyar. Mero ta ce na kunyata ta a gaban surukai. Bayan ƙaramar salla za a kai Husna, ƙanwar Salima, Maiyama, an aiko mini wai in zo biki amma kada in taka ɗakin amarya. Ni da na goya yaran nan har zanena ya yage! Ina da adireshin Madam. Shin in rubuta mata ta aiko da shaida, in je Jega a karanta a gaban Gudiya? Ko in ƙi zuwa bikin su gani?

Taki, Mai Yadi Tara, Aliero.

Ya ke Mai Yadi Tara,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko ina dariya, na biyu ina tausayin yarinya ɗaya.

Ɗaurinki gaskiya ne. Indiya ƙasa ce mai faɗi, kowane yanki da irin nasa, kamar yadda ɗaurin kallabin Jega ya bambanta da na Argungu. Hajiya Gudiya ta yi karatunta mai zurfi a gaban janareta, kuma wanda ya san Hausawa ta wasan kwaikwayo kaɗai zai rantse kowane maigida dogari gare shi. Kwance amarya a gaban jama'a rashin ta-ido ne, ko da fil ɗari aka gyara.

Amma ke fa? Kin ambaci Madam, kin ambaci turmi, kin ƙirga fil, ba ki gaya mini ko sau ɗaya abin da Salima ta ce ba. Kin tambaye ta? Mata biyu da ba su taɓa wuce Kwantagora ba sun yi yaƙi a kan yadda Indiyawa ke ɗaura zane, filin dagar kuwa jikin ɗiyar mutane ne. Kun koma gidajenku, ita aka bari da suna. Ke kin ga amarya ta haye mota da kuzari, tsofaffi kuwa sun ga yarinya tana ɗokin gidan miji, kuma ke 'yar gari ce, kin san haka.

Batun shaida, ki bar shi. Ko da hatimi ta zo, Gudiya za ta ce ba ta ga Madam a fim ba. Ƙin zuwa biki kuma kyauta ce za ki ba Gudiya.

Ki shirya ki je Jega, ba wurin Gudiya ba, wurin Salima. Ki ba ta haƙuri ba tare da darasin yadi tara ba. Idan ta huce, ita za ta sauko miki da Mero. Bikin Husna ki je da wuri, ki kama tukunya, ki bar ɗakin amarya har sai an kira ki. In Husna ta ce atamfa take so, ki ce madalla.

Madam kuwa ki rubuta mata, don na lura kewarta ce ke damun ki fiye da Gudiya. Ki gaishe ta, ki ba ta labarin albasar bana, ki sa hoto a ciki. Sai dai ki tuna wa ta bar wa koren sarin nan. Shekara biyar yana akwati, kin ɗaura wa ɗiyar wani, ke ba ki taɓa fita da shi ba. Ki ɗaura abinki ki je Maiyama, ki haye motar da kanki, mu ga ko za ki iya ɗaukar sunan da kika sa aka laƙaba wa yarinya.

Allah ya daidaita ku da Mero, ya kai mu bikin lafiya.

Goggo Iyatu