Leda a Tumbin Tunkiyata

Daren Talata, Jibiya.

Shekara da shekaru ina faɗa, ledar ruwan da direbobi ke yarwa a bakin boda sai ta ƙare mana dabbobi. Yau tunkiyata ta kumbura, muka yanka. Tumbinta leda cunkus, sunan kamfanin ruwan ma bai goge ba.

Sai ga ɗan duba-gari: "Baba, a share ledar ƙofar gidan nan, ko a ci tara."

Na ce, "Yaro, ni ruwan randa nike sha. Mai kamfanin fa?"

"Shi yana da takarda."

Ikon Allah! Wace irin takarda ce, wa ke rubuta ta? Na dai share. Tumaki biyu suka rage mini. Wani ya ba ni amsa tun suna da rai!