Takardar da Na Hana Likita Ya Rubuta

Zuwa ga ƙanena Bashiru, autan Inna, a can bakin iyakar arewa inda aikin soja ya ajiye ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yayarka Rabi ce, daga gidanmu na unguwar Briqueterie.

Wata bakwai ke nan ba ka ɗaga wayata ba. Matarka Zulai ta ce kana leƙa wannan shafin da nake tallar atamfa, shi ya sa yau na ajiye atamfa gefe. Masu karantawa su karanta. Kunyar ma ta ishe ni ɗauka ni kaɗai.

Ka tuna ranar da za ka tafi? Ka durƙusa gaban Inna ta shafa kanka, sannan ka tare ni a zaure da jaka a kafaɗa ka ce, "Yaya, komai ya faru ki gaya mini, ko da mara daɗi ne." Na ce ka ji yaro da surutu, je ka kada mota ta bar ka.

Ranar wata Talata da hantsi Inna ta faɗi tana alwalar walaha. Maƙwabta suka tare taksi muka kai ta asibiti. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanta, ɓarin dama ya shanye. Ya faɗa mini da faransanci, ya sake faɗa a hankali don kada in ce ban gane ba. Na gane sarai.

Ranar Juma'a bayan masallaci ka kira, kamar yadda ka saba. Na fita barandar asibitin na ce maka Inna ta ɗan zame ne, amma jiki da sauƙi. Ka ce a ba ta waya, na ce tana barci. Ka yi dariya ka ce tsohuwar nan da son barcin rana.

Ka san yadda aka taso da mu. Wanda yake nesa ba a gaya masa mummunan labari. Lokacin da Baba ya rasu Kawu Sale yana aikin hajji, ba wanda ya buɗe baki sai da ya dawo, ya zauna, ya sha ruwa. Na ce a raina, kai da kake riƙe da bindiga, in hankalinka ya rabu biyu wa zai tsare min kai? Wallahi a lokacin gani nake tausayinka nake yi.

Washegari wata mata ta zo asibitin da tukunyar abinci a kwando. Madam Odil sunanta, daga unguwar Messa, mijinta yana rukuninku. Kirista ce, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ashe matan sojoji suna da ƙungiyarsu, kuma Zulai ce ta kai musu kuka a ɓoye. Matar nan ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. In likita ya rubuta takarda cewa jikin ya yi tsanani, su sun san ofishin da ake kaiwa, kwamandanku zai iya ba ka izinin zuwa gida. Ta ce kwana biyu ne kawai, mota zuwa Ngaoundéré sannan jirgin ƙasa. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne, "Takardar ba ta kashe kowa, ɗan kawai take kawowa."

Na ƙi, Bashiru. Na ce ta yaya zan tsaya gaban likita in ce ya rubuta uwata na bakin mutuwa alhali tana numfashi? A wajenmu ko baki ba ya furta wannan, balle a buga masa hatimi. Na ce mata mu ba ma kai maganar gida bariki. Da ta tafi na juya kan Zulai, na wanke ta tas a gaban mutane, na ce ita ce mai yawo da sirrin gidan miji.

Abincin ma ban bari an ci ba, wai ban san wa ya yanka naman ba. Sai daga baya mahaucin layinmu yake gaya mini a wajensa ta saya, ta shigo unguwarmu musamman don mu iya ci. Har yau in na wuce ta teburinsa sai in sunkuyar da kai.

Inna ta cika da safiyar kwana na tara, kafin la'asar an kai ta. Ranar ce na nemi lambar Madam Odil da kaina. Ba ta ce mini ai na gaya miki ba. Ta zo ta karɓi takardar rasuwa, kafin magariba an ba ka izini. Takarda dai ta tafi, sai dai ba wadda ta roƙe ni ba ce.

Ka iso ranar sadakar uku da kakinka, ƙurar hanya har gira. Zulai ta gaya maka zancen takardar, kuma ban ga laifinta ba. Wannan ka sani, shi ya sa ka daina ɗaga wayata. Amma akwai abin da ko Zulai ba ta sani ba, domin yawanci tana gida da 'yarku Ummi, ni kaɗai ce a bakin gadon.

A zaure ka tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko Inna ta neme ka. Na ce maka a'a, ba ta cikin hayyacinta tun ranar da ta faɗi.

Ƙarya na yi maka.

A kwana na huɗu bakinta ya ɗan buɗe. Ba ta iya haɗa magana, amma kalma ɗaya tana fita tsaf: Auta. Duk sanda aka turo ƙofa, ko nas ce ko mai shara, sai ta juya idon da ke motsi ta ce, "Auta?" Ni kuma in gyara mata mayafi in ce yana hanya, Inna. Kwana biyar ina ce mata kana hanya, alhali ni ce na tare hanyar. Ranar ƙarshe ta ƙi shan kunu sai da na ce mata ka riga ka hau jirgi. Ta sha cokali uku.

Na ce maka ba ta neme ka ba don kada zuciyarka ta karye, haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce tsoron idonka nake ji. Na bar ka wata bakwai kana zaton uwarka ta tafi ba ta tuna da kai ba, don kawai in tsira da mutuncina. Ni da na goya ka a bayana har kasuwar Mokolo.

Yanzu ina bin Madam Odil gidajen da ke da 'ya'ya a soja, ina yi mata tafinta, domin matanmu suna rufe mata ƙofa kamar yadda na yi. Kwanaki a unguwar Ekoudou wata dattijuwa, mijinta na kwance, ta faɗa mana maganata sak, har da zancen hatimi. Na zauna a tabarmarta na ba ta labarin cokali uku. Ta miƙe ta ɗauko mayafinta muka tafi wajen likita. Ban faɗi wannan don ka yaba mini ba, ba zai dawo maka da komai ba.

Ga labarin gida kuma, yadda yake. Ummi ta yi zazzaɓin cizon sauro makon jiya, ya yi zafi har an ƙara mata ruwa. An sallame ta shekaranjiya. Jiya ta ci shinkafa ta nemi ƙari, da idona na gani. Rufin ɗakin Inna yana yoyo, ban gyara ba, na kasa shiga.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta, Ya haɗa ta da autan da ta yi ta jira a inda babu rabuwa, bayan ka yi tsawon rai. Allah Ya tsare ka gaba da baya, kai da mijin Madam Odil da duk wanda ya bar uwa a gida. Ni kuma Allah Ya yafe mini, in kai ka ga dama ka yafe.

Ba sai ka kira ba. Ina so dai ka sani ta neme ka, Auta. Kullum ta neme ka.

Wassalam.
Yayarka mai jin kunyarka,
Rabi