Ruwan Tsamiya da Garin Dutse

Daren Laraba, Unguwar Sarki

Yau dai ruwan tsamiyar nan ya yi aiki. Wata huɗu ina jiƙa garin dutse a cikinsa a ɗakin gwaji, sai yau na'ura ta nuna ya tsamo ma'adinan nan masu wuyar samu da ake sa wa a waya. Na waiga in gaya wa wani, ashe duk an tashi.

Na kira Inna a Katsina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Madalla. Amma ki tace da kyau, 'yar nan, kar ki ba mutane kunu da tsakuwa."

Na ce to, Inna. Ban gyara mata ba.

Da na dawo gida, na dama kunu da tsamiyar da ta rage a kicin. Kofi biyu ya yi. Ɗayan ga shi nan ya huce.