Rabin Gadon Kawu

Litinin, 4 ga Nuwamba

Jiya a waya Inna ta tambaye ni ko ɗakina yana da girma. Na ce mata har da taga. Tagar dai gaskiya ce. Sauran bari in faɗa wa takarda, tunda ita ba ta kuka.

Gado ɗaya muke haya mu biyu. Nawa ne daga bakwai na yamma zuwa shida na safe, nasa ne da rana. Ni ina wanke akwatunan kayan lambu a babban sito, shi yana sharar ofisoshi idan ma'aikata sun tashi. Kawu ake ce masa a gidan nan, dattijo ne, mutumin wajenmu. Wata uku muna kwana kan katifa ɗaya, sau biyu kacal na ga fuskarsa, a matakala. Abin da na sani nasa shi ne warin man zafi a filo, da ramin da ƙugunsa ya yi a katifa, wanda kullum nake gangarawa ciki.

Kuɗin mako gida biyar nake raba su: gado, mota, wuta, ciki, Inna. Na ciki shi ne autansu, shi ake zalunta duk lokacin da wani ya gaza.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Wuta ta ƙare tun jiya. Katin mitar da muke haɗa kuɗi mu saya ya kamata ya kai Juma'a. Burodi na ci da ruwan famfo, ɗanyar shinkafata tana kallona a tukunya.

Na leƙa ƙarƙashin gado na ga ɓarawon: wata 'yar tsohuwar hita ta ɗumama ɗaki, an naɗe ta da tawul kamar jaririya. Na yagi takarda a littafin nan na rubuta masa: "Kai tsoho, wutar nan ba ta ubanka ba ce. In sanyi kake ji ka koma gida." Da safe zan ɗora masa a kan filo.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Takardar ba ta nan. A madadinta dafaffen ƙwai ɗaya a cikin kofina. Wato darajar maganata ke nan a wurinsa, ƙwai ɗaya. Na ci, don ƙwan bai yi mini laifi ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ranar hutuna, amma gadon nasa ne har yamma, dole in fita in ba shi wuri. Na zauna a tashar mota inda ake samun ɗumi, na tsinci jaridar da ake rabawa kyauta. Yanzu ina gane fiye da rabin abin da mutanen ƙasar nan suke rubutawa da yarensu. Babu wanda ya koya mini. Haka na koyi karatun yarenmu ma, da takardun da ake ƙunshe sabulu a shagon Baffa, bayan an cire ni daga aji uku don a biya wa Yaya kuɗin makaranta. Yayan da har yau sai ya sa yatsa yake bin layi.

Wanzamin da ke ƙasan benenmu ya ɗaga mini hannu da zan wuce. Mutuminmu ne shi ma, shagonsa majalisa ce. Ban tsaya ba. Da almakashin kaina nake aski, kuma ba ni da lokacin surutun tsofaffi.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na buɗe ƙofa ɗumi ya dake ni kamar gidan burodi. Hitar da zafinta har yanzu, kenan sai da zai fita ma ya kunna ta. Mita tana ƙifta jan ido. Da gangan yake yi, wallahi da gangan.

Takarda ta biyu: "Furfura ba ta hana mutum zama ɓarawo. Cikina kake ƙonawa a hitar nan."

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na sayi kati na biyu da kuɗin ciki, bai isa ba, na taɓa na Inna. Da na gaya mata abin da zai zo mata ya ragu, sai ta ce ba komai, Allah ya yi albarka, in dai ina cin abinci. Gara ta zage ni. Na ɗaga mata murya kan wata magana daban da ba ta kai ta kawo ba, batun rufin ɗakin ƙanwata. Ina cikin faɗan katin wayar ya ƙare.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ta uku jiya, ba zan ma maimaita ta nan ba. Yau ƙwai biyu, da safa mai kauri, ruwan toka, an ɗinke dunduniyarta da baƙin zare. Izgili dai har da safa.

Na sa ta. Ƙafata ba ta san izgili ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An gama. Wakilin mai gida, wanda muke ce wa Mai Makullai, ya liƙa doka a bango tun shigowata: ba a yarda da hita a ɗaki ba, wanda aka kama zai bar gidan. Na rubuta masa wasiƙa kan hitar Kawu da yarensu, shafi guda cur. Sau uku na sake ta, na duba kalma shida a ƙamus ɗina mai yagaggen bango. Babu kuskure ko ɗaya, na tabbata. Na zura ta ƙarƙashin ƙofar ofishinsa.

Ni dai so nake a ɗauke hitar. Dokar kuwa ba ni na rubuta ta ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Kawu ya tafi. Ƙusar da yake rataye rigar aikinsa babu komai a kai. Ya shimfiɗa bargo ya gyara gefensa tsaf, ya wanke kofina.

Mai Makullai ya tare ni a matakala yana murmushi, ya ce bai taɓa samun ɗan haya mai rubutu irin nawa ba, a ina na yi makaranta? Shekara nawa ina jiran wani ya yi mini wannan tambayar. Na ce masa ban yi ba, na wuce. Ya ce ranar Juma'a sabon mutum zai shigo.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Mita ko motsi ba ta yi. Ashe haka ɗakin nan yake da sanyi.

Lahadi, 1 ga Disamba

Wanzami bai ɗaga hannu ba yau, fitowa ya yi da reza a hannu ya ce, malam mai alƙalami, shigo. Babu kowa a shagon. Ya nuna mini kujerar aski, na zauna ina kallon kaina a madubi, ba yadda zan kauce.

Ya ce na san Kawu bai iya karatu ba? Ko harafi ɗaya. Duk takardar da na ajiye, nan yake kawo ta da safe kafin ya kwanta, ya ce a karanta masa abin da yaron ya ce. Wanzami ya ce da ya ga ta farko sai ya dubi mutumin, shekara sittin da wani abu, ya kwana yana goge bayan gidan mutane, gwiwa a kumbure. Bakinsa ya ƙi. Sai ya ce masa, yaron yana gaishe ka, ya ce ɗakin akwai sanyi idan ya dawo, amma yana haƙuri.

Hitar kuwa don gwiwarsa ya same ta, minti kaɗan yake kunnawa da safe. Daga ranar sai ya daina kunna wa kansa, ya koma tashi da wuri yana kunna ta awa guda kafin ya fita, don in tarar da ɗumi. Ta biyu Wanzami ya ce masa godiya nake yi. Ta uku ya ce ƙafata ce take daskarewa a wurin aiki.

Na ce masa to ai kai ka jawo duk wannan da ƙaryarka. Har na miƙe. Bai musa ba.

"Ni na yi ƙarya, na sani, kuma ina roƙon gafara," ya ce. "Amma wasiƙar Mai Makullai ba ta biyo ta hannuna ba, ɗana. Da ta biyo, da na gyara maka ita."

Safar tana ƙafata duk lokacin da yake maganar.

Talata, 3 ga Disamba

Na rubuta wa Mai Makullai wata wasiƙar, na ce hitar tawa ce, sharri na yi wa dattijon. Ko ƙamus ban buɗe ba. Ya karanta a tsaye ya yi dariya, ya ce ta farkon ta fi kyau. Ya ce an riga an karɓi kuɗin sabon mutum, in kuma na nace hitar tawa ce to ni ma ga ƙofa.

Ban nace ba. A rubuta wannan ma.

Alhamis, 5 ga Disamba

Sabon yana aikin gadi. Ban gan shi ba tukuna. Yana barin rigarsa jiƙe a kan ƙarfen gado, yana shan shayina. Na ɗauki biro, na ajiye.

Lahadi, 8 ga Disamba

Mota biyu, har inda layi ya ƙare. Kuɗin motar zuwa aiki na kwana biyu ke nan, zan taka da ƙafa Litinin da Talata. Wanzami ne ya yi mini kwatance: wani ɗaki a bayan garejin gyaran motoci, mutum shida, Kawu ne na bakwai. Ba shi da gado. Kwali biyu a ƙasa kusa da ƙofa, inda iska take shigowa, ya shimfiɗa bargo a kai. Yanzu awa ɗaya da rabi yake yi kafin ya isa wurin aiki.

Barcinsa na katse. Ya tashi zaune da ƙyar yana riƙe gwiwa, ya dube ni, ya ce a'a, abokin gadona ne. Ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tambayi ko sabon mutumin yana da kirki. Ni na shirya magana tun a mota, jimla jimla, duk ta gudu.

Sai ya jawo wata leda daga cikin jakarsa. Takarduna uku, a ninke, ya haɗa su da takardar izinin aikinsa da hoton 'ya'yansa mata. Ya miƙo mini ta farkon ya ce tunda ga mai ita, ya fi so ya ji da bakina.

Na yi niyyar yin irin ta Wanzami. Har na buɗe baki zan ce ina gaishe ka. Sai na karanta abin da ke jiki, kamar yadda na rubuta, har da ubansa. Muryata kamar ta wani.

Ya yi 'yar dariya.

"Dama na ce. Takarda layi biyu, Wanzami ya yi ta karatu kamar huɗuba."

Na ce to in ka sani, me ya sa ka ci gaba da kunnawa?

"Ban san me ka ce ba. Na dai ga yadda biro ya huda takardar. Na ce yaron nan wani abu na cinsa, ni kuma abin da nake da shi hita ce da ƙwai."

Ya ce batun wuta kuwa, da na tsaya minti biyar a matakala na faɗa masa da baki, da ya ƙara nasa kason. Bai san tana ƙarewa da wuri ba, shi da yake barci da rana ba ya kunna fitila.

Na ce ya dawo, zan kwana a ƙasa. Ya ce Mai Makullai ba zai yarda ba, kuma kada in rasa nawa a banza, Inna tana jira. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, da sauri, kamar mai korar ƙuda, ya koma tambayata ko safar ta yi mini daidai.

Bai ba ni takardun ba. Ya ce a nan zai fara koyon karatu, in nuna masa wanne ne harafin farko. Na nuna masa. Kalmar farko da Kawu ya koya a duniya ita ce "kai", ta biyu "tsoho". Ya maimaita yana dariya har wani daga cikin masu barci ya yi tsaki.

Laraba, 11 ga Disamba

Na kira Inna, ban ɗaga murya ba. Ta tambaya ko ba ni da lafiya ne.

Na sake raba kuɗin mako, gida shida yanzu. Na shidan motar Lahadi ce. Ba wani abu ba ne, zaman tashar ne ya ishe ni, kuma mutum ba zai tsaya a kalma biyu ba, musamman waɗannan biyun. Auta, kuɗin ciki, shi ne zai sake shan wahala, ya saba.

Mai gadin ya sake shanye mini shayi. Yau da safe ruwan zafi ya ragu a buta, na juye a gorar roba, na naɗe ta da tawul na tura ƙarƙashin bargo kafin in fita. Don kada a zubar ne kawai, wuta aka ƙona wajen dafa shi.

Ban bar takarda ba.