Ledar Da Aka Shimfiɗa Min

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana, da wayar ƙanwata da ta zo min yini nake rubutu. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Wata uku kenan da aka yi min aikin yoyon fitsari, tun haihuwata ta huɗu nake fama da shi a ɓoye. Daga ni sai maigida muka sani, mutanen gida cewa muka yi aikin mara ne. Da za a sallame ni nas ta ce ba sai ina ta zarya daga Daura ba, duk Alhamis in aiko mata saƙon murya a WhatsApp, in faɗi ko ina jiƙa zani, ko akwai zafi. To ni ƙaramar waya gare ni, maigida ma haka, sai na ba da lambar Hajara matar wan mijina, gidanmu ɗaya. Ina shiga ɗaki in rufe ƙofa in yi magana ƙasa-ƙasa, in goge, in miƙa mata. Ashe wai gogewar ba ta hana amsar nas shigowa bayan na bar wayar.

Alhamdulillahi na bushe, har jam'in Idi na je. Amma ranar Asabar da aka yi suna a gidanmu, na zo zama surukata ta ce in dakata. Ta ɗaga tabarma ta shimfiɗa leda a ƙasa, a gaban mata, ta ce, "Zauna nan 'yata, kar ki takura kanki." Wallahi ban san yadda na haɗiye abincin ba.

Na tambayi Hajara, ta rantse ba ta taɓa buɗewa ba, har da kuka, wai ƙila mai cajin bakin kasuwa ne. To mai caji ne ke hira da surukata? Kuma me ya sa kwanan nan ita Hajarar take karɓe min bokiti in na ɗauko ruwa?

Ga inda na tsaya. Shekaranjiya na yi tari na ji ɗigo, jiya ma haka, kuma nas ta ja min kunne in na ga ko kaɗan in faɗa kafin aikin ya lalace. Lambarta a wayar Hajara kawai take, gobe kuma Alhamis.

In faɗi gaskiya gida ya ji, ko in ce mata lafiya lau?