Hoton Gwiwar Rifkatu Yana Hannunku, Ku Buɗe Shi

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da ke duba 'yata a nan Kafanchan.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali da aiki.

Sunana Bitrus, mai walda. Sakandare kawai na gama, amma da hannuna na kafa shagona, ban taɓa zuwa ƙofar kowa roƙo ba. Wannan ma ba roƙo ba ne.

Na ɗaya. 'Yata Rifkatu, mai shekara goma sha uku, ta faɗi a wasan ƙwallo na makaranta, gwiwarta ta kumbura. Kuka ɗauki hoton ƙashi, kuka ce babu karaya, ta je gida ta huta. Ba wanda ya gaya mini wannan hoton ba ya nuna jijiya. Kakarta ta kai ta wajen mai ɗori a Fadan Kagoma, ya yi ta murza ƙafar har yarinya ta daina taka ta.

Na biyu. Da muka dawo, sai aka ce a yi hoton MRI, mai nuna jijiya, a Jos. Na rufe shago, na kai ta. Suka ce jijiyar ta tsinke, suka ba mu hoton a faifai, na miƙa muku.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Likitan ƙashi da ke zuwa daga Jos sau ɗaya a wata ya zo. Kwamfutarku ba ta da wurin sa faifai! Na ce zan aro ta fastonmu, minti goma, aka ce doka ta hana shigo da na'urar waje. Likitan ya ce ba zai yanka gwiwar yarinyar da ƙashinta ke girma ba sai ya gani da idonsa. Gaskiyarsa. Ya koma Jos. Ya kuma ce in aka ƙara jinkiri, guringuntsin ma zai lalace.

Wata ya zagayo, ranar Alhamis zai dawo. Ina neman a buɗe faifan kafin ranar, ko a ba ni izini a rubuce in kawo kwamfuta. A kuma riƙa gaya wa iyaye abin da hoton ƙashi ba ya nunawa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare 'ya'yanka daga irin wannan. Alhamis da ƙarfe bakwai na safe za ka same mu a bencin ƙofar ofishinka. Rifkatu ba ta iya tsayuwa, saboda haka ba za mu tashi ba.

Wassalam.

Bitrus mai walda, Kafanchan.